Bakin da Kika Ɓoye Mini

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu gidan gaskiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabin da ya wajaba kan ɗiya ga wadda ta haife ta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Jibiya lafiya lau muke, sai abin da ba a rasa ba. Gidanmu na bakin hanyar Maraɗi yana nan, an dai rushe ɗakinki an yi shago a wurin.

Na daɗe ina juya sunan da zan kira ki da shi. Ƙanwata Asabe Inna take ce miki. Ni kuwa Yaya aka koya mini, saboda ni ce 'yar fari, kuma tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. To yau ba na so. Inna zan ce, kuma a gaban mutane zan faɗa, duk mai karatu ya karanta. In abin ya ba ki kunya, sai ki yi haƙuri, ni ma na yi.

Ga abin da ya tayar da ni. Makon da ya wuce aka yi sunan ɗan autata Zulai, haihuwarta ta fari. Yarinyar nan ta ɗauki jaririnta a tsakar gida, gaban surukanta, ta kira shi da sunansa tana yi masa wasa. Sai tsofaffi suka hau tafa hannu, wai zamani ya lalace. Wata sa'arki da ta rage, ga sanda ga goro, ta ce Allah ya jiƙan ki, ba a yi mace mai kunya kamar ki ba a unguwar nan. Ta ce ranar da ɗiyarki ta faɗi a bakin shingen kwastan, aka zo aka gaya miki kina daka, ko taɓarya ba ki ajiye ba. Mata suka yi ta sa miki albarka. Ni ce ɗiyar, Inna, ina zaune a wurin da kwanon waina a hannuna. Wallahi na ji kamar in kife shi a kanta.

Bari in tuna miki, ko da yake na san ba ki manta ba.

Lokacin kuɗin mai ne, garin nan ya cika ya batse. Manyan motoci sun yi layi tun daga shingen kwastan har bayan kasuwa, ɗauke da duro-duron fetur da buhunan hatsi, domin can Nijar fari ya cinye gonaki. Baba ya daina yi wa wani tuƙi ya sayi motarsa ta kansa mai bodin katako. Ya yaye bunun zaure ya buga kwano, ya sayo rediyo mai jakar fata. Kowa yana cewa arziki ya sauka gidanmu.

Ni kuma a lokacin bakina ba ya rufuwa. Rediyo ma direbobi suke kirana. In na ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗar Iya na bi layin motoci, sai na sayar tas kafin sauran yara su yi rabi, don surutu kawai. Ina kwaikwayon jandarmomin Nijar da Faransancin da ban san ma'anarsa ba, ina kwaikwayon 'yan kamasho, ina kwaikwayon tarin Iya. In na dawo gida na hau yi, kowa sai ya riƙe ciki don dariya. Ke kuwa sai ki tashi ki shige ɗaki, ko ki sami abin tsinta a cikin gero. Ba ki taɓa kiran sunana ba. "Wannan," kike cewa, ko "'yar gidan Iya." Ban damu ba a lokacin, don haka na ga kowace uwa tana yi da ɗanta na fari.

Ina wajen shekara bakwai abin ya fara, kuma ba da faɗuwa ya fara ba. Magana ce ta fara zille mini. Iya za ta aike ni sayen gishiri, in tsaya ina kallon ta. Ina jin muryarta sarai, amma kalmomin sun narke sun zama ƙara kawai, kamar rediyon Baba in tasha ta ɓace. Wata rana su dawo, in ji komai garau, washegari su sake tafiya. Wannan dawowar ce ta ja mini duka. Baba ya ce tunda jiya na ji, yau ma ina ji. Ya lallaɓo ta bayana ya saki tasa a ƙasa, na zabura, ya ce kun gani, iskanci ne. Na sha bel ɗin direba ranar. Kina bakin murhu, kin ba mu baya, kina ta ƙara wa wutar da ba ta buƙatar itace.

Daga nan nawa kalmomin suka bi sahu. In buɗe baki in ce ruwa, sai wani abu dabam ya fito, ko kuwa ba komai. Direbobin da ke tsaya mini don in ba su dariya suka koma tambayar sauran yara abin da ya sami Rediyo. Kafin kaka ta zagayo na zama bebiya. Ina jin kukan jaki, ina jin hon ɗin mota, ina jin luguden mata, amma maganar ɗan Adam ta rufe mini ruf. Kin san tsoron da ke cikin wannan? Yarinya ƙarama ta farka ta tarar duk gidansu sun koma wani yare, kuma babu mai fassara mata. Na duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai gane, na zo kan taki, kika sunkuyar da kai.

Sai ranar faɗuwar. Da hantsi ne, ina tsaye kusa da shingen, faranti a kaina. Na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina, shi ke nan abin da na sani. Na farfaɗo a ƙasa, zanena a jiƙe, gyaɗa a warwatse, mutane sun yi da'ira nesa da ni. Farfaɗiya ce, kuma kowa ya yarda wanda miyauna ya taɓa shi ma ya ɗauka. Malama Rifkatu ce ta ratsa su ta ɗauke ni, maƙwabciyarmu Kirista, matar ma'aikacin kwastan ɗin nan da aka turo daga kudancin Zariya. Ita ta goyo ni har gida. Ta tarar da ke kina daka, an riga an gaya miki. Abin da kika ce, kamar yadda ta faɗa mini bayan shekaru, shi ne, "Ku kai wa Iya."

Ku kai wa Iya! Kamar saƙon goro. Wannan ce kunyar da ake sa miki albarka a kanta har yau.

Duk abin da zan faɗa daga nan na maganar mutane, ba kunnena ya ji ba. Iya ce da Malama suka ba ni labari daga baya, ni kuma na haɗa da abin da idona ya gani. Idona kuwa ya ga da yawa, don shi kaɗai ya rage mini.

Aka ware mini kwano da moɗa. Na sha rubutu har cikina ya ƙi karɓa, na sha hayaƙi har idona ya yi ja. Da abin ya ƙi, Baba ya ce ai yanzu yana da abin hannunsa, ya ɗebe mu a gaban motarsa zuwa babban asibiti a birni, ni da ke da Iya. A nan wani likita Ba'indiye ya kaɗa ƙararrawa a bayana, ya leƙa kunnena, ya sa aka yi ta gwaje-gwaje. Ta bakin tafinta ya ce kunnen lafiya lau yake, kuma yarinyar ba mahaukaciya ba ce. Wurin da ke warware magana a cikin kai ne farfaɗiyar take damawa, har a lokacin da ba a ga ta faɗi ba. Ya ba da ƙwayoyi don faɗuwar. Maganar kuwa, ya ce ba shi da allurarta. Sai dai a sami mutum ɗaya, wanda yarinyar ta fi kallo, ya riƙa zama da ita kullum fuska da fuska, cikin haske, yana kiran sunanta, yana nuna mata abu yana faɗin sunansa a hankali, tana kallon bakinsa. Ya ce kada a bari ta saba da shiru.

Sai ya tambaya wace ce uwar. Kina tsaye bakin ƙofa, kin ja mayafi har hanci. Kika nuna Iya da haɓa. Likitan ya ce shi dai tun shigowarmu ya ga yarinyar waccan matar ta bakin ƙofa take bi da ido. Iya ta yi dariya ta ce a bar ta, kunya take ji, 'yar fari ce. Tafintan ma ya yi dariya, ya ce wa likita al'ada ce. Baba ya gyaɗa kai yana jin daɗi matarsa ta fita kunyar uwarsa a gaban baƙo. Kowa ya fito yana murmushi, an kai ni asibiti an kashe kuɗi an sauke nauyi.

To Iya ta gwada, Allah ya saka mata. Amma haba, Inna! Tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, bakin kullum cike da niƙaƙƙen goro, me zan karanta a wurin? Ta ɗaga ludayi ta motsa baki, ta ɗaga tsintsiya ta motsa baki, ni duk iri ɗaya nake gani. In ta gaji sai ta ɗaga murya, ƙarar ta cika mini kai, in toshe kunne in fashe da kuka. Ba a yi nisa ba ta ce abin sai addu'a.

Naki bakin kuwa kowa ya san shi a unguwa. Haƙora farare a jere, magana dalla-dalla, ba kya haɗiye harafi. Na sani domin na ga kina yi wa Asabe. Kina goye da ita kina yi mata waƙa, ki sauke ta kan cinya ki ɗaga mata cokali ki faɗi sunansa, ki taɓa hancinta ki faɗa, ki taɓa kunnenta ki faɗa. Daidai abin da likita ya ce a yi mini, shi kike yi wa yarinyar da ba abin da ya same ta. Ni kuma ina laɓe bayan rumbu ina satar kallon bakinki. A nan na tsinci ruwa, na tsinci zo, na tsinci bari. Sata na yi, Inna, a bakin uwata. Kuma duk ranar da kika ɗago kika gan ni, sai ki kai gefen zane ki rufe bakin, ki juya.

Malama Rifkatu ta shigo ta roƙe ki ba sau ɗaya ba. Ta ce ko rabin sa'a ne a rana, ko a bayan ɗaki ne inda ba mai gani. Kika ce mata su ba su san kunya ba shi ya sa, kuma in kika zauna kina lallashin 'yar fari a gidan miji, da wane ido za ki kalli Iya da matan unguwa. Ta ce matan unguwa ba su za su zauna da bebiya ba. Daga ranar kika daina aika mata tuwon sallah.

Kada ki ce ban ga sauran ba. Na gani. Na san wanda yake tura tsoka ƙarƙashin tuwona a cikin kwanon nan da aka ware. Na san wanda yake wanke zanena in na jiƙa shi, ya shanya a bayan ɗaki kafin kowa ya lura, alhali ana cewa kada a taɓa. Na san ba Iya ce take tuna lokacin ƙwaya ba, ke ce kike ajiye ta a bakin randa inda za ta gani. Duk na sani, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da ƙina kike yi, da na haƙura tuntuni na ce haka Allah ya ba ni. Amma kina sona kika bar ni cikin shirun nan, don kada a ce kina sona. Ni ba tsoka nake nema ba, Asabe ma ta ci tawa in tana so.

Da gwamnati ta buɗe makarantar kyauta aka bi gida-gida ana kwashe yara, Malama ta samu aikin koyarwa. Ta sa ni a ajinta ba tare da ta tambayi kowa ba, ta zaunar da ni gaba, ni kaɗai a benci saboda iyaye sun yi kashedi. Ta zana kofi a allo ta rubuta sunansa a ƙasa, ta ɗora kofin a kan tebur. Abin da kunne ya ƙi karɓa, ido ya karɓa. Na iya karatu kafin in iya ji, shi ya sa har gobe alƙalami ya fi mini harshe sauƙi. Na dawo gida da gudu ranar da na rubuta sunana, na miƙa miki allon. Ba ki iya boko ba, na sani, amma ai kya kalla. Kika karɓa kika miƙa wa Iya.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda ban taɓa gaya wa kowa a wajen gidanmu ba sai Malama.

Kina da tsohon ciki na uku, ƙafafunki sun kumbura, fuskarki ta yi fari. Ranar kasuwa ce da azahar. Baba ya tsallaka Maraɗi da kaya, Iya ta tafi da Asabe gidan biki, gidan ya yi tsit. Ina zaune gindin rumbu sai na ji an kama hannuna. Ke ce. Rabon da ki taɓa ni da rana tsaka, ban ma san ranar ba. Kika leƙa zaure, kika leƙa ta kan katanga, sannan kika ja ni cikin ɗakinki. Kika saki asabari, kika jawo ƙyaure kika rufe, kika cusa tsumma a 'yar tagar nan.

Sannan kika fara magana.

Kin yi magana, Inna, doguwa. Kin riƙe fuskata da hannu biyu, ina jin numfashinki a goshina. Muryarki ta hau, ta sauka, ta karye, a wani wurin har kika yi 'yar dariya, sannan hawayenki ya ɗiga a hannuna. Abin da na shekara ina laɓe bayan rumbu ina jira, ga shi ya zo, nawa ni kaɗai. Kuma ban ga komai ba. Ɗakin baƙi ƙirin yake. Ni da ba na gane magana sai na ga baki, kika kai ni inda ko tafin hannuna ba na gani.

Na fizge na nufi ƙofa in ɗaga asabarin. Kika riƙo ni. Na sake fizgewa ina nuna tagar, ina ta gurnani irin nawa, ina jan hannunki zuwa haske. Kin ɗauka gudunki nake, ko kuwa kin ji tsoron wani ya shigo ya gan mu, ban sani ba. Kika danne kaina a ƙirjinki kika ci gaba. Ina jin maganar tana motsi cikin ƙashin ƙirjinki, tana shiga kumatuna, ba kalma ɗaya da ta iso. Da muka ji motsi a zaure kika sake ni, kika goge fuska, kika fita kika ɗauki tsintsiya.

Ba a yi wata guda ba haihuwar ta zo da gardama. Ke da abin cikin duka aka rufe.

Maganar ta dawo mini, in kina son sani. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, wajen lokacin da na fara zama budurwa, faɗuwar ma ta ɗauke kamar ba a yi ba. Cikakkiyar magana ta farko da na gane ta wani ɗan kamasho ce yana ihun saura mutum ɗaya Maraɗi. Na tsaya a tasha ina kuka, mutane suka ɗauka an yi mini sata. Harshena dai bai koma yadda yake ba. Har yau yana da nauyi, in taro ya yi hayaniya ba na tsintar komai, waya kuwa sai dai a rubuto mini. Rediyo ta mutu tun tuni. Na tsufa kafin wata likita ta gaya mini ciwon yana da suna, sunan wasu Turawa biyu, kuma bai cika faruwa ba, cikin yara masu yawan gaske sai a sami ɗaya. Ta ce da an dage da ni tun farko, watakila da harshen ya fi haka sakuwa. Watakila ta ce, ban ƙara mata ba.

Da na iya tambaya, na tambaya. Iya ta ce ƙarya nake, wai ke ba za ki taɓa yin wannan rashin ta-ido ba, mafarki na yi. Baba ya ce in bar tone-tone. Malama ta yarda da ni, amma ba ta cikin ɗakin. Ba kowa a ɗakin sai ni da ke, kin tabbatar da haka da hannunki.

Me kika ce, Inna? Gafara kika nema? Wasiyya kika bar mini a kan Asabe? Kin ji a jikinki ne za ki tafi? Me ya ba ki dariya a tsakiya? Kin kira sunana? Ko wannan ban sani ba, don ban taɓa jin yadda yake fita a muryarki ba balle in gane shi. Na yi aure da tambayar nan, na haihu da ita, na yi jikoki da ita.

Yanzu na ninka shekarunki har da ɗori. In na tuna ki, yarinya nake gani, ba ta kai Zulai ba, a gidan mutane, idon suruka a kanta, idon unguwa a kanta, an gaya mata tun tana ƙarama cewa mutuncinta duka yana cikin kawar da kai. Na ga yadda kika leƙa katangar nan kamar mai shirin sata, da ciki ya yi miki nauyi, don kawai ki yi wa ɗiyarki magana. Ba ƙaramin abu kika yi ba a wurinki, na sani. Ayya, Inna. Kin yi ƙoƙari, kin makara, kuma kin rufe taga.

Na yafe miki, don ba na so a tsayar da ke a kaina ranar hisabi. Amma ban huce ba, kuma ba zan yi miki ƙarya a takarda ba.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya jiƙan abin da kika tafi da shi. Allah ya yalwata makwancinki, ya cika shi da haske. In ya ƙaddara mu haɗu a inda ba suruka ba maƙwabta, ki zaunar da ni a fili, ki bar fuskarki a buɗe, ki maimaita mini daga farko, a hankali. Yanzu ina ji.

Wassalam. Ni ce ɗiyarki ta fari,

Hurera